Doki 115, Kilo 960: Nazarin Dalilan da Suka Sa Masoya Tuƙi Suka Zaɓi Mazda MX-5

Lamarin da ake dubawa a nan shi ne na mutumin da ya san mota ciki da waje, ya tara abin da zai ishe shi sayen motar wasanni guda ɗaya. A gabansa ga masu silinda shida, ga masu takwas, ga masu ƙarfin doki 300. Sai ya wuce su duka ya ɗauki Mazda MX-5, 'yar mota mai kujeru biyu wadda tsofaffin samfuranta ko motar iyali ta zamani tana iya tsere musu a miƙaƙƙiyar hanya. Da mutum ɗaya ne ya yi haka, sai a ce ra'ayi riga, kowa da irin tasa. To amma tun a shekarar 2000 kundin Guinness ya rubuta ta a matsayin motar wasanni mai kujeru biyu da aka fi saye a tarihi, kuma a watan Afrilun 2016 masana'antar Mazda da ke Hiroshima ta fitar da ta miliyan ɗaya. Cikin masu sayen har da makanikai, injiniyoyi, da direbobin tsere, wato mutanen da ba a yi musu dabara da talla.

Dalilin da ya fi kowanne ƙarfi guda ɗaya ne, sauran rassansa ne: wannan mota ce da direba zai iya amfani da ita gaba ɗayanta, inji da birki da taya, a gudun da hankali zai ɗauka, sannan kuɗin riƙe ta ba zai hana shi fita da ita gobe ba.

Giɓin da aka tarar

A shekarun 1960 da 1970, ƙananan motoci masu buɗaɗɗen rufi na Ingila da Italiya ne ke riƙe da wannan kasuwa: MGB, Triumph Spitfire, Lotus Elan, Fiat 124 Spider, Alfa Romeo Spider. Daɗin tuƙinsu ba a magana. Sai dai sun yi ƙaurin suna da yoyon baƙin mai, da rufin da ruwan sama ke ratsawa, da wayarin da ke mutuwa ba sallama. An daina ƙera MGB da Spitfire a 1980. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 kusan Alfa kaɗai ta rage, ita ma tsarinta na 1966 ne. Masu son irin wannan mota suna nan, motar ce babu.

Bob Hall, ɗan jaridar motoci ne Ba'amurke mai jin Japananci. A 1979 ya ba Kenichi Yamamoto, jagoran sashen bincike na Mazda a lokacin, shawarar kamfanin ya ƙera irin waccan mota ta Ingila amma da ingancin Japan. Daga baya Hall ya kama aiki da Mazda a Kalifoniya. A 1984 aka yi gasa a cikin kamfanin tsakanin tsari uku: mai inji a gaba mai ja da tayoyin gaba, mai inji a tsakiya, da mai inji a gaba mai ja da tayoyin baya. Na ukun, wanda ofishin Kalifoniya ya kawo, shi ya ci, duk da cewa na farkon ya fi arha tun da ana iya ɗauko kayansa daga motocin iyali da kamfanin ke ƙerawa. Wannan hukunci shi ne tushen komai. Toshihiko Hirai ya jagoranci aikin injiniya, ya kuma kafa masa take da Japananci, jinba ittai, ma'ana mahayi da doki su zama jiki ɗaya.

An nuna motar a bajekolin motoci na Shikago a watan Fabrairun 1989. A Amurka sunanta Miata, a Japan Eunos Roadster, a Turai MX-5. Farashinta na farko a Amurka dala 13,800 ne, kuma saboda rububi dillalai suka riƙa ɗora ƙari a kai. A wannan shekarar Lotus ma ta fito da sabuwar Elan, amma mai ja da tayoyin gaba kuma mai tsada sosai. Ba ta daɗe a kasuwa ba.

Nauyi, wanda shi ne jigon maganar

Tsara ta farko, da ake kira NA, tana da inji mai lita 1.6, silinda huɗu, bawul 16, ƙarfin doki 115, nauyinta kuwa wajen kilo 960. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 tana cin kimanin daƙiƙa tara. Wanda ke sayen mota da takarda zai rufe shafin daga nan.

Wanda ya san tuƙi kuwa lambar ta biyu yake kallo. Ƙarfin inji yana taimako ne a wuri ɗaya kawai, lokacin da aka taka totur. Nauyi kuwa yana tare da mota a ko'ina: a tashi, a tsayawa, a kwana, a cin taya, a shan mai. A gudu iri ɗaya, birkin mota mai kilo 1,500 sai ya mayar da ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da birkin mai kilo 1,000 zai mayar zuwa zafi. Shi ya sa a filin tsere manyan motoci ke fara jin birki ya yi laushi bayan 'yan zagaye, man birki ya tafasa, ita kuwa wannan tana ta zagayenta da ƙananan faifan birki. Taya ma haka. Riƙon taya yana ƙaruwa idan an ɗora mata nauyi, amma ba ya ƙaruwa daidai da nauyin. Don haka mota mai nauyi dole ta sa faffaɗar taya mai tsada kafin ta yi abin da mara nauyi ke yi da siririya.

NA ta fito da taya 185/60 R14, iska fam 26. Siririyar taya irin wannan tana da wata baiwa da masoya tuƙi ke nema: kafin ta saki ƙasa sai ta yi gargaɗi. Za ka ji sitiyari ya ɗan yi sauƙi a hannu, ka ji ƙugin taya, ka ji bayan motar ya fara karkata a hankali, duk a gudun da in an yi kuskure ana iya gyarawa. Faffaɗar taya a ƙarƙashin mota mai doki 400 tana riƙewa har gudu mai ban tsoro, in ta saki kuma sai ta saki gaba ɗaya. Mafi yawan masu irin waɗannan motoci ba su taɓa kaiwa iyakar riƙonsu ba, kuma gara da ba su kai ba a kan titin jama'a.

A ɗauki inji. Injin NA ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai a juyi 6,500 a minti, jan layinsa, wato iyakar juyin da aka yarda inji ya kai, na wajen 7,000. Idan aka ja giya ta biyu har jan layi, motar tana wajen gudun kilomita 90. Wato direba ya taka totur har ƙasa, ya ji inji ya buɗe murya, ya sauya giya, amma bai karya dokar babbar hanya ba. A mota mai doki 400, daƙiƙa huɗu ko biyar na irin wannan takun sun isa su kai mutum gaban hukuma. Mai ita ya biya kuɗin doki 400 amma kullum da 100 yake yawo. Wannan lissafi ne ya juyo da mutane da yawa, musamman waɗanda suka riga suka riƙe babbar mota suka ga yadda abin yake.

Ita kanta Mazda ta taɓa ɗan kauce wa wannan hanya. Tsara ta uku, NC, da ta fito a 2005 da inji mai lita 2.0 da doki 170, ta haura kilo 1,100, kuma ita ce masoya motar suka fi yi wa ƙorafi, ko da yake mota ce mai kyau da aka rage mata daraja fiye da kima. Da aka zo tsara ta huɗu, ND, a 2015, sai aka zubar da kusan kilo 100. Bonet da murfin but da fuka-fukan gaba na alminiyam ne. Notin taya ya koma huɗu daga biyar. A kujera an sa raga maimakon sifirin ƙarfe. Ko akwatin ajiya na gaban fasinja an cire. Tsawonta milimita 3,915, ta fi ta 1989 gajarta, abin da da wuya ka samu a tarihin kowace mota.

Abin da hannu da ƙafa ke ji

An ɗora injin a miƙe daga gaba zuwa baya, aka tura shi ciki kusa da direba. A NA da NB, wato tsara ta biyu, batir yana cikin but. Da haka nauyi ya rabu kusan daidai, rabi a gaba rabi a baya. Tayoyin gaba aikinsu juya mota, na baya aikinsu turawa, saboda haka babu fizgar inji a sitiyari.

Ƙafar motar ita ce inda aka kashe kuɗin da ba a gani. A NA da NB kowace taya tana rataye da hannaye biyu, na sama da na ƙasa, tsarin da aka fi gani a motoci masu tsada. Amfaninsa shi ne idan jikin mota ya kwanta a kwana, tayar waje tana ci gaba da zama daram a ƙasa. Kuma tun daga masana'anta akwai notoci masu karkataccen kai da ake juyawa a saita kwanciyar taya da fuskantarta, gaba da baya. Mai motar zai iya sauya halinta da alaimen kaɗai, ba tare da ya sayi ko ƙarfe ɗaya ba.

Akwai kuma wani dogon ƙarfen alminiyam da ya ɗaure giyabos da aksil ɗin baya wuri guda. A motoci da yawa idan aka taka totur sai robobin da ke riƙe da aksil su fara murɗewa kafin ƙarfi ya isa taya, sai a ji ɗan jinkiri. Wannan ƙarfe ya kashe jinkirin. Ka taka ta amsa, ka ɗaga ƙafa ta amsa, kuma a tsakiyar kwana da totur ake gyara layin mota kamar yadda ake yi da sitiyari.

Sandar giya ta shiga kai tsaye cikin giyabos, babu waya ko sanduna a tsakani. Tafiyarta gajeriya ce, da wuyan hannu ake yi, kuma kowace giya tana shiga da wani ɗan "ƙas" da ake ji a tafin hannu. Da yawa daga masu sayen motar a nan cinikin ya faɗa, tun kafin a bar layin dillali. Fedar birki da ta totur suna kusa yadda ƙafar dama za ta taka birki da yatsu ta taɓa totur da gefe yayin sauka daga giya ta uku zuwa ta biyu.

Wani abu da sababbin masu ita ke yi wa mummunar fahimta shi ne kwanciyar jiki. Motar tana kwantawa a kwana fiye da yadda ake zato, kuma da gangan aka bar ta haka, don kwanciyar ita ke gaya wa direba yawan nauyin da ya koma tayoyin waje. Mutum ya saya, sati biyu ya cire shokozoba da sifirin ya sa masu tauri masu arha, ya sauke ta ƙasa, sai ta koma tsalle a kan gargada tana rasa riƙo. A NA da NB tafiyar shokozoban baya gajeriya ce tun asali. Idan aka sauke motar da yawa sai ta zauna a kan robar tsayawa, ƙafar ta daina aiki. Wannan gyara ya lalata motoci masu yawa.

Rufin kuwa, a NA maɓallai biyu ne a saman gilashin gaba, kuma ana so a zuge tagar roba ta baya a kwantar da ita tukun, in ba haka ba ta naɗe ta tsage. NB ta zo da tagar gilashi. A ND maɓalli ɗaya ne a tsakiya: ka ɓalle, ka tura baya da hannu ɗaya kana zaune, ya kulle. Rufin da ake buɗewa cikin 'yan daƙiƙoƙi shi ake buɗewa kullum.

Waɗanda aka ajiye a gefe

Babu wanda ke sayen wannan mota bai leƙa wasu ba. Babbar kishiyarta ita ce Toyota GT86 da tagwayenta Subaru BRZ, da suka fito a 2012: inji lita 2.0 mai kwantattun silinda, doki 200, nauyi wajen kilo 1,250, jan baya, rufin ƙarfe, da ƙananan kujeru biyu a baya. Falsafarsu ɗaya, har Toyota ta sa mata siraran tayoyi irin na motarta mai tsimin mai, Prius, don ta riƙa sulɓi cikin sauƙi. Wanda motarsa ɗaya ce tak, ko dogo ne, ko yana son ya kwantar da kujerun baya ya loda tayoyin tsere huɗu, GT86 ta fi masa, kuma gaskiya ce a faɗa. Waɗanda suka bar ta sun bar ta ne saboda abu uku: ƙarin kusan kilo 200, ramin da ke cikin ƙarfin injinta a wajen juyi 3,500 zuwa 4,500 inda ake jin ta yi sanyi, da rashin buɗaɗɗen rufi.

Honda S2000, daga 1999 zuwa 2009, ta fi ta inji nesa ba kusa ba: doki 240 daga lita 2.0, juyi har 9,000. Amma ƙarfin yana can sama, ƙasa da 6,000 ba ta nuna kanta, kuma na farko-farkon bayansu yana da saurin kufcewa a hannun wanda bai ƙware ba. Tun da aka daina ƙera ta kuma sai tsada take ƙarawa. Porsche Boxster ta farko, ta 1996, ta fi MX-5 a kusan kowane awo. Abin da ke korar mutane shi ne injin yana tsakiya a rufe, ƙaramin aiki ma sai an sha wahala, ga fargabar wani boris da ke cikin injin wanda in ya watse yakan tafi da injin duka. Nissan 350Z tana da silinda shida da doki 287, amma ta kusa tan ɗaya da rabi, kuma ana jin kowane kilo a birki da taya.

Kuɗin riƙo, da inda take ciwo

Motar wasanni da mai ita ke tsoron lalacewarta a gareji take ƙarewa ƙarƙashin tamfol. Injin NA ya samo asali ne daga na Mazda 323, har da irin wanda aka gina don ɗaukar turbo, shi ya sa yake da ƙwari fiye da ƙarfin da ake nema a wurinsa. Buɗe bonet ka ga komai a fili: fulogi huɗu a sama, bel a gaba, sarari ko'ina. Taimin bel ana sauya shi duk bayan mil 60,000, wato kusan kilomita 100,000, tare da famfon ruwa tun da hanya ɗaya ce. In ma ya tsinke, fistin ba ya dukan bawul a wannan inji, mota za ta tsaya ne kawai. NC da ND sarƙa gare su. Saboda an ƙera fiye da miliyan, kayan gyara sababbi da na hannu suna ko'ina, kuma a Amurka ajin tsere na Spec Miata, inda kowa ke shiga da mota kusan iri ɗaya, yana cikin mafi cika a tseren 'yan sha'awa. A 2017 Mazda ta buɗe shirin sabunta tsofaffin NA a Japan, ta koma ƙera wasu kayansu.

Duk da haka tana da cututtukanta, kuma masu saye da ilimi sun san su tun kafin su je.

Na farko tsatsa, ita ce ke kashe NA da NB, ba inji ba. Ruwan da ya sauka a rufi yana bi ta wasu ramuka biyu a bayan kujeru, ya gangara ta bututu ya fita ƙasa. Ganye da ƙura suna toshe su, ruwa ya koma cikin dokin ƙofa, ya ci ƙarfe daga ciki zuwa waje. Wurin dubawa shi ne ƙarshen dokin ƙofa, daf da gaban tayar baya. Idan fenti ya yi ƙuraje a nan, abin da ke ciki ya ninka abin da ido ya gani, kuma maganinsa yanka da walda, ba shafe ba. A mota mara rufin ƙarfe dokin ƙofa shi ne ƙashin bayanta. A NB akwai ƙarin wuri: ƙarafan shasi na gaba, kusa da inda sandar hana kwanciya ke ɗaure, ninki biyu ne, ruwa yana shiga tsakaninsu. Sai an cire murfin ƙasa an haska fitila an ƙwanƙwasa. Rigakafin kuwa ba ya cin komai: a zura siririn buroshi mai laushi cikin ramukan sau biyu a shekara, a zuba ruwa a ga ya fita ta ƙasa.

Na biyu ya shafi injin 1.6 na 1989 zuwa tsakiyar 1991. Hancin kuranshaf ɗinsa gajere ne. Idan aka sauya taimin bel ba a ɗaure babban notin fuli da awo ba, ko aka sa ɗan ƙarfen da ke kulle fulin a juye, sai fulin ya fara wasa yana cinye gurbinsa. Alamun su ne fuli yana rawa idan inji na aiki, mota kuma ta rasa ƙarfi a ƙasa saboda taimin ya goce. Ana gane wannan inji da tsagogi huɗu a fuskar fuli, wanda aka gyara daga baya takwas gare shi. Notin gajeren hanci ana ɗaure shi wajen Nm 108 zuwa 118 da sifana mai awo da gam na noti, ba da ƙarfin hannu ba. Wanda aka kula da shi yana kaiwa shekaru lafiya.

Na uku zafi. Saman lagireto na roba ne. Sabo baƙi ne, idan ya tsufa sai ya koma ruwan ƙasa, daga nan kuma fashewa ta rage. Duk wanda ya ga wannan launi ya sauya, kada ya jira, don obahitin ɗaya ya isa ya ƙone gaskit. A bayan kan injin NA akwai sansa mai zoben roba da ke yoyon mai idan ya bushe. Man yana iya ɗiga kan tiyon ruwan hita, ya kumbura shi har ya fashe. Zoben ba shi da tsada, abin da yake jawowa ne mai tsada. Silinda ta huɗu, ta can baya, ita ta fi sauran zafi, domin asalin injin a gicciye yake a motoci masu jan gaba, da aka juyo shi sai hanyar ruwan ta sauya. A tuƙin yau da kullum ba damuwa, amma masu sa turbo ko masu tsere sukan mayar da mafitar ruwan zuwa baya.

Sauran ƙanana ne. Ƙaramin silindan kuloci yana yoyo, fedar ta faɗi ƙasa. Robobin da ke ƙarƙashin sandar giya suna yagewa, zafi ya riƙa shigowa ɗaki. Ƙarar "tik-tik" a saman injin NA da sanyin safiya yawanci tana ɓacewa da sabon mai. NB ta 1999 da 2000 tana cin kwayil. A NC tulun ruwa na roba yana tsagewa, kuma injinta ba ya yafe ƙarancin baƙin mai, don haka a riƙa duba sanda. ND ta farko-farko, 2016 zuwa 2017, wasu giyabos ɗin hannu sun karye a hannun masu matsa musu, Mazda ta yi ta sabunta kayan ciki, shi ya sa mai saye ke tambayar takardun gyara.

Wace tsara, kuma wa ya kamata ya haƙura

A cikin NA, mai 1.6 ta fi sauƙi da son juyi. Mai 1.8 da ta zo a 1994 tana da doki wajen 130, manyan birki, ƙarin ƙarafan ɗaure jiki, da aksil mafi ƙwari, wasu da tsarin Torsen mai hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai a kwana. Don a tabbatar, a ɗaga bayan motar a duba, ko a nemi takardar asali, kada a yarda da bakin mai sayarwa. Akwai tarko guda a Turai: daga 1995 an dawo da injin 1.6 amma an rage shi zuwa doki 90, kuma a ido kusan iri ɗaya ne da mai 115. NB, daga 1998 zuwa 2005, ta rasa fitilun nan masu ɗagowa da mutane ke ƙauna, amma ta fi NA ƙwarin jiki da ƙarfi, doki 140 a mai 1.8, kuma yawanci ta fi arha. A ND, gyaran 2019 ya ɗaga injin 2.0 daga doki 155 zuwa 181, ya kai jan layi daga 6,800 zuwa 7,500, ya kuma sa sitiyari mai jawowa kusa da direba. Masu neman wadda ta fi kama da ta 1989 sukan ɗauki mai lita 1.5, don ta fi sauƙi.

Masu nadamar sayenta kusan duk abu ɗaya ne ya same su: sun gwada ta da rufi a buɗe na minti goma. A gwada da rufi a rufe. Wanda tsayinsa ya wuce santimita 185 zai iya jin kansa na taɓa rufi, gwiwarsa na gogar sitiyari. But ɗin ND lita 130 ne, ƙananan jakunkuna biyu. A NA, gudun kilomita 100 a giya ta biyar inji yana sama da juyi 3,000, ga iska ga ƙarar taya, tafiyar awa huɗu tana gajiyarwa. Tsofaffin kuma ba su da na'urar hana sulɓi, don haka a jiƙaƙƙiyar hanya da tsohuwar taya bayan yana iya juyowa ko da ƙarfin nan kaɗan ne.

Mai niyyar shiga filin tsere da NA ko NB dole ya sa ƙarfen kariya na gaske a bayan kujeru, wanda aka ɗaure a shasi da ƙafafu huɗu. Masu ƙyalli na ado da ake ɗaurawa a wurin bel ba sa riƙe mota idan ta kife, suna ma iya lanƙwashewa kan mutum. Ana gwada tsayinsa da miƙaƙƙiyar sanda: a ɗora ta daga saman ƙarfen zuwa gaban motar, direba ya zauna da hular kwano, hular ta kasance ƙarƙashin sandar. In ta taɓa, sai a sauke kujera ko a rage soson cikinta kafin a bar shi ya shiga fili.